Asalwayi da Linzami: Tarihin Horon Doki a Kaduna

Kaduna ba tsohon birnin sarauta ba ne, saboda haka ba ta gaji barga ko Shamaki ba kamar Zazzau da Kano da Katsina. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, aka kafa barikin soja da ofisoshi a arewacin kogi. Tare da hafsoshin Turawa wasan ƙwallon doki ya zo, aka kafa kulob ɗinsa a 1918, aka kuma share filin sukuwa, wanda yanzu a ke kira Dandalin Murtala.

A nan hanyoyi biyu na horon doki su ka gamu. Ta Hausa, yawancinta daga bisa a ke yi. Dukushi ya kan saba da turke da dabaibayi da ragama, sa'an nan a ɗaura masa sirdi, a sa masa linzami mai kaifi, a hau. Abin nema shi ne takama, da sukuwa, da tsayawa cak, gama mayaƙi da mai jafi duk wannan su ke bukata.

Ta sojan doki na Ingila kuwa daga ƙasa ta ke farawa. Mai horo ya kan tsaya tsakiyar fili riƙe da doguwar igiya, kamar yadi tara, wadda aka ɗaura a ragama, da doguwar bulala ta nuni. Doki ya yi ta kewaya shi, da tafiya, da sassarfa, da sukuwa, yana bin murya. Jim kaɗan sai a juya shi ɗaya hannun, don kada gefe guda ya fi ƙarfi. Ba a daɗewa, domin kewaye yana gajiyar da gaɓoɓin ƙaramin doki. Amfanin wannan shi ne dokin ya koyi daidaita jikinsa da jin umurni tun bai ɗauki nauyin mutum ba, bakinsa kuma bai mutu ba.

Ƙwallon doki ya bukaci amfanin hanyoyin duka biyu, watau tsayawa nan take, da laushin baki wajen juyawa. Gidan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan, har ɗansa Usman Nagogo da jikansa Janar Hassan su ka shahara a kansa.

Marubuta sun cika takardu da labarin hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da na FESTAC a 1977. Amma dokin da ya tsaya a gaban rumfa bai firgita da kakaki ba, a fili ya koya, a hannun ɗan barga. Sanin waɗannan mutane a ka ya ke, kalmominsu kuwa da su su ke tafiya kushewa. Wajibi ne masu nazarin Hausa su tattara su tun da sauran masu faɗa.