Daga Kunnen Bakanike Zuwa Lambar P0300: Tarihin Farautar Misin a Tsohuwar Akori-Kura

Tsohuwar akori-kura da ke karkarwa a tsaye, ta rasa ƙarfi a hawa, a gyara yau ta koma gidan jiya bayan mako biyu, tana fama da abin da bakanike ke kira misin. Ma'anarsa ita ce ɗaya daga cikin silindojin injin ya kasa ƙona mansa a lokacin da ya kamata. Kowane silinda na injin fetur yana buƙatar abu uku: tartsatsin wuta daga fulogi, cakuɗar mai da iska daidai gwargwado, da matsi mai ƙarfi daga fistan. Duk wanda ya gaza a cikinsu, alamar da direba zai ji ɗaya ce. Shi ya sa gano tushen misin ya daɗe yana ba masu gyara wahala.

A farkon ƙarni na ashirin, wuta ce ake fara tuhuma. A 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da maganeto mai ƙarfin lantarki, aikin injiniya Gottlob Honold. A 1910 motocin Cadillac a Amurka suka fara amfani da tsarin Charles Kettering na batir da kwayil da kwantak da distiributa, wanda ya mamaye motoci fiye da shekara sittin. Rauninsa shi ne kwantak, domin buɗewa da rufewa sau dubbai a minti ɗaya suna cinye shi. Bakaniken wancan zamani da kunne da hannu yake aiki: ya bar injin yana tafiya, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wayar da ya zare sautin injin bai canza ba, silindanta ne matacce. Sannan ya kwance fulogin ya karanta launinsa: baƙin toka na nuna mai ya yi yawa, jiƙewa da baƙin mai na nuna lalacewar zoben fistan ko bawul.

Shekarun 1970 suka kawo sauyi biyu. Chrysler da General Motors suka maye gurbin kwantak da na'urar lantarki, sannan daga 1975 dokar hayaƙi a Amurka ta sa aka fara ɗora matatar hayaƙi a jikin salansa. Daga nan misin ya zama damuwar hukuma, domin man da bai ƙone ba yana gangarawa cikin matatar, ya ƙone a can, ya narkar da ita. Jihar Kalifoniya ce ta ja gaba, kuma daga 1996 aka wajabta tsarin OBD-II a kan ƙananan motoci da akori-kura da ake sayarwa a Amurka.

Dabarar tsarin mai sauƙi ce. Duk lokacin da silinda ya kama wuta, yakan ƙara wa karanshaf ɗan gudu. Kwamfutar motar tana auna wannan gudu, idan ta ga ya ragu a daidai layin wani silinda sai ta rubuta lamba. P0301 silinda na ɗaya ne, P0304 na huɗu, P0300 kuwa misin ne mai yawo tsakanin silindoji. Idan ya tsananta har zai cutar da matatar, fitilar gargaɗin injin takan riƙa ƙyaftawa.

Sai dai lambar tana faɗin wuri ne, ba ta faɗin dalili. Injin Vortec mai lita 5.7 da General Motors ta sa a akori-kura daga 1996 ya shahara da P0300, kuma sau da yawa laifin na ƙananan nozul ne da ke toshewa a ƙarƙashin bututun iska, ko na murfin distiributa. Injin Triton mai lita 5.4 na Ford, wanda kowane fulogi ke da kwayil nasa, yakan yi misin idan danshi ya shiga ramin fulogi. Mai motar da ya canza fulogi sau uku a irin wannan hali, alamar ya yi wa magani, cutar tana nan.

Yawancin motocin 'yan Kwatano da ke kan titunan Kano da Maraɗi suna da wannan soket mai ƙofa 16, kuma na'urar karanta shi ta yi araha. Amma ƙwararren bakanike har yanzu yana bin tsarin magabatansa. Idan na'ura ta ce silinda na huɗu, sai ya mayar da kwayil ɗinsa kan na biyu. In lambar ta koma P0302, kwayil ne. In ta tsaya, sai ya gwada fulogi da nozul ta wannan hanya, daga ƙarshe ya auna matsin silindan. Matsi mai rauni na nufin bawul ya ƙone ko gasket ya fashe, kuma babu sabon fulogin da zai gyara wannan. Kafin mai mota ya biya kuɗin wani kayan gyara, yana da haƙƙin tambayar wane gwaji ne ya tabbatar da laifinsa.