Fagen girki na Tokyo da masu kewarsa

A ranar 10 ga watan Oktoba na 1993, gidan talabijin na Fuji da ke birnin Tokyo ya fara watsa wani shiri mai suna Ryori no Tetsujin, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Iron Chef. An daina watsa shi mako-mako a watan Satumba na 1999, bayan karawa kimanin 300. Yau fiye da shekara 25 ke nan, amma masoyansa na ci gaba da neman tsofaffin hotunansa a YouTube, suna gardama kan hukuncin alƙalan da wasunsu sun riga sun rasu.

Tsarin shirin ba shi da wuya. Ɗan wasan kwaikwayo Takeshi Kaga yakan fito cikin riguna masu ƙyalƙyali, a matsayin attajirin da ya gina fage domin gwanayen girki. Baƙo ya shigo, ya ƙalubalanci ɗaya daga cikin zakarun gida: Rokusaburo Michiba na girkin Japan, ko Chen Kenichi na girkin Sin, ko Hiroyuki Sakai na girkin Faransa. Sai a yaye mayafi, a bayyana abu guda, ko kifi ko ƙaguwa ko kabeji, a ba su minti 60 kowa ya fitar da abinci iri-iri daga gare shi. Kenji Fukui yana ba da labari kamar mai sharhin wasan ƙwallo, Yukio Hattori kuwa, shugaban wata makarantar koyon girki, yana bayyana dalilin kowane motsi na wuƙa.

Mutumin Filinge ko Damana da bai taɓa jin sunan shirin ba zai gane siffarsa nan take, domin siffar kokawa ce: fage, kirari, zakara da mai neman kā da shi. An fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu ta ƙasar Tondikandiya, kuma Télé Sahel ta kai ta gidaje da dandali har yara suka haddace sunayen 'yan kokawar da ba su taɓa gani ido da ido ba. Abin da Japanawa suka yi shi ne ba mai girki irin wannan daraja. Kuma ba su kare zakarunsu daga faɗuwa ba. Mutumin da ke da gidan abinci da suna yakan sha kaye a gaban miliyoyin jama'a, washegari ya koma bakin murhunsa. Wannan ne ya sa masu kallo suka ɗauki abin da gaske, duk da rigunan Kaga da barkonon da yake gutsura a farkon kowane shiri.

A 1999 tashar Food Network ta Amurka ta fara nuna shi da fassarar Ingilishi. A 2000 aka kai gasar New York, inda Bobby Flay ya kara da Masaharu Morimoto. Da lokaci ya cika, Flay ya haye kan katakon yanka yana murna, Morimoto kuwa ya nuna ɓacin rai, yana ganin mai girki na gaskiya ba ya taka abin aikinsa. Duk uwar da ta taɓa tsawata wa yaro don ya hau turmi ta san abin da ya ji.

Amurkawa sun yi nasu a 2005, ya daɗe. Fuji ta farfaɗo da shirin a 2012, amma bai wuce watan Maris na 2013 ba. Fagen ya dawo, yawancin mutanen da aka saba da su ne ba su dawo ba. Chen Kenichi ya rasu a 2023, Hattori a 2024.

Sai dai masu kewar nan suna da abin da za su kalla, domin an ɗauki hannun gwanayensu yana aiki, an adana. A ƙasar Kurfai, gasar abu guda tsohuwar al'ada ce da ba ta da alƙalai: daga hatsi kaɗai mace takan fitar da fura, da tuwo, da kunu, da dambu, kowanne da irin surfensa da dakansa. A kowace unguwa an san wadda ake aika wa idan biki ya taso, wadda ke tuƙa tuwon mutum ɗari ba gudaji. Ɗan kokawar da ya ɗauki takobi a 1975, Kantu na Maradi, sunansa na nan a tarihi. Ita kuwa sunanta yakan tsaya a bakin maƙwabta, kuma injin niƙa ya riga ya canja yadda jikokinta ke sarrafa hatsi. Ƙungiyoyin al'adu sun saba ɗaukar waƙa da rawa. Wayar da ke aljihun kowane malami ta isa ta ɗauki minti 60 na aikinta, daga surfe zuwa kwashe tuwo.