Daga Zauren Malam Zuwa Ofishin Jin Daɗin Jama'a

Tun zamanin da hasumiyar Gobarau take matattarar masu neman ilimi, har zuwa ƙarni na 17 da Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka yi sharafinsu, malaman Katsina sun tafi a kan cewa karatun littafi kaɗai bai isa a damƙa wa mutum amanar bayin Allah ba. Ɗalibi yakan sauke Risala, ya ratsa Muhtasar, ya san hukuncin nafaƙa da na dukiyar maraya, amma duk da haka ba a sakar masa sulhun ma'aurata sai ya daɗe yana lizimtar malaminsa a zaure.

A nan yake ganin abin da ba a rubuta ba. Idan mace ta yi yaji, waliyyinta ya kawo kuka, miji kuma ya zo biko, ɗalibin yana gefen buzu yana lura da yadda malam yake sauraron kowa shi kaɗai, da yadda yake sassauta murya idan zance ya kai ga sirrin ɗaki, da yadda yake jinkirta magana har zukata su huce. Bayan la'asar kuma, idan jama'a sun watse, sai malam ya tambaye shi abin da ya fahimta, ya gyara masa.

Da Turawa suka zo da nasu tsarin, aikin jin daɗin jama'a na hukuma ya faro daga Ikko, inda aka yi dokar yara da matasa a 1943, wadda ta iso Jihar Arewa a 1958. Daga 1973 kuma aka soma shirin SIWES, mai tura ɗaliban manyan makarantu wuraren aiki domin sanin makama. Yau ɗalibin fannin jin daɗin jama'a yakan ɗauki littafin rahotonsa ya zauna kusa da jami'i, a ofis ko asibiti ko gidan marayu, yana rubuta abin da ya gani, jami'in yana dubawa yana sa hannu.

Wannan sa hannu shi ne magajin ijazar malaman da, domin shaida ce cewa an ga ladabin ɗalibi da riƙon sirrinsa. Saboda haka wajibi ne mai sa shi ya zauna da ɗalibin, ya tambaye shi, ya gyara masa, gama marayun da za su zo gaban ɗalibin gobe sun dogara da gaskiyar wannan shaida.