Littattafai Biyu na Mishan Katolika a Ƙasar Agadas

Kowace majami'ar Katolika tana ajiye littafin baftisma, inda ake rubuta sunan duk wanda ya shiga addinin. A ƙasar Agadas, mishan ta riƙe wani littafi na biyu: na majinyata da ƴan makaranta. Na farkon bai taɓa yin kauri ba, na biyun kuwa ya cika ya batse. Tarihin Katolika a Abzin yana tsakanin waɗannan littattafai biyu.

Mishan ta iso Nijar a makare. Sai a 1931 limaman ƙungiyar SMA suka zauna a Yamai, bayan yaƙin duniya na biyu kuma ƙungiyar Redemptorist ta karɓi ragamar aikin. Da suka doshi arewa, sun tarar da birni mai sarauta tun ƙarni na 15, wanda hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 take sanar da baƙo addinin masu gida tun daga nesa. Ga kuma tabon 1917, lokacin da sojan Faransa suka murƙushe yaƙin Kawusan, suka kashe mutanen gari har da malamai. Bature mai gicciye a wuya ba zai raba kansa da wannan tarihi cikin sauƙi ba.

Saboda haka hanyar da aka bi ta fi kusa da ta Charles de Foucauld, wanda ya zauna cikin Abzinawan Tamanrasset yana tattara harshensu har aka kashe shi a 1916: zama da mutane, koyon harshensu, yi musu hidima, ba tare da kiran kowa ya bar addininsa ba. A farkon shekarun 1960 Fada Jean Ploussard ya kafa zango a Cirozerin, arewa da Agadas, ya fara karantar da ƴaƴan makiyaya. Ya rasu a 1962, bai kai shekara 40 ba, amma makarantar ta ɗore, aka kuma samu ɗakin shan magani a gefenta. Yaran sun shiga suna Musulmi, sun fita suna Musulmi. Wannan shi ne sharaɗin da ya sa iyaye suka yarda, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Hippolyte Berlier, bishop na farko na Yamai daga 1961, shi ya mai da wannan hali tafarkin Ikkilisiyar Nijar baki ɗaya. Ya halarci babban taron Vatikan na biyu, wanda a 1965 ya fito da sanarwar girmama Musulmi. Da ya ajiye muƙami a 1984, bai koma Faransa ba; arewa ya nufa, ya ƙarasa kwanakinsa a ƙasar Agadas a 1992. Fari na 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, su suka jarraba wannan tafarki, domin makiyayin da dabbobinsa suka ƙare ba shi da bakin cewa a'a ga mai hatsi. A irin wannan hali ne ake sayen tuba da mudu. Mishan ta raba abinci da magani ba tare da ta ɗora sharaɗin addini a kai ba, kuma a nan ne mutuncinta ya kafu.

To, su wa ke cika majami'ar Saint Augustin ta Agadas ranar Lahadi? Galibi baƙi ne: ma'aikata da masu sana'a daga Binin, Togo, Burkina Faso da Najeriya, waɗanda uraniyom na Arlit da kwal na Anu Araren da kasuwanci suka jawo, sai ƴan Nijar daga yankunan da Katolika ta yi saiwa, kamar ƙasar Gurmawa da Dogonduci. Baligin da ya nemi baftisma ba a gaggauta masa. Tsarin da Roma ta sabunta a 1972 ya tanadi koyarwa mataki-mataki, wadda kan ɗauki shekaru, kafin a yi masa baftisma a daren Ista. Jinkirin yana da hikima a wurin da sauya addini kan shafi aure, gado da zumunci. Yana kuma tace mai neman imani daga mai neman taimako.

A 2001 aka kafa dayosis na Maraɗi ƙarƙashin Bishop Ambroise Ouédraogo, Agadas ta koma ƙarƙashinsa, ayyukan jinƙai kuma daga bisani suka shiga hannun ƙungiyar Caritas ta Nijar, wato CADEV. Daga baya masu ƙwanƙwasa ƙofa suka sauya kama. Agadas ta zama zangon masu nufin Libiya da Aljeriya, dokar 2015 da ta haramta safararsu ta bar da yawa a maƙale cikin gari har aka soke ta a 2023. Daga cikinsu akwai Kirista, akwai Musulmi. Wasu sun zo neman addu'a cikin harshen da suka sani, wasu neman magani da kuɗin motar komawa gida.