Tarihin Karatun Littattafan Hikaya a Ƙasar Kazaure da Kewayenta

Karatun ƙagaggun labarai a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ya taso ne a inuwar Kano. Har zuwa 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, waɗannan garuruwa cikin Jihar Kano suke, kuma hanyar da ta ratsa Dambatta ta nufi Kazaure da Daura ita ce hanyar da littafi ke bi ya iso hannun mai karatu.

Da fari makaranta ce ƙofar shiga. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, su ne ɗalibai suka daɗe suna karantawa a aji. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawan masu karatun boko, musamman 'yan mata. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Dambatta, wanda ɗan maƙwabtan Kazaure ne.

Babban sauyi ya zo ne da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kwikwiyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa kuma da Allura Cikin Ruwa. Littattafan sirara ne, a takarda mai araha, a rarrabe kashi na ɗaya da na biyu da na uku, kuma marubuci yakan yanke labari daidai inda ya ɗauko daɗi don a nemi ci gaba. 'Yan kasuwa sukan saro su daga Kano. Wanda ba shi da halin saye sai ya karɓi haya, ya karanta ya mayar, kwafi ɗaya kuwa yakan zaga gida da maƙwabta har bangonsa ya fita. Matan aure na cikin kulle su ne ƙashin bayan wannan kasuwa, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

An fi kiransu littattafan soyayya, amma sunan ya yi musu kaɗan. Akwai na zaman aure da kishi da auren dole, akwai na yaƙi da jarumta irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samari suka fi so, akwai na aljanu da ban tsoro, akwai na binciken laifi. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu kan ingancinsu. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta ƙona wasu bisa zargin ɓata tarbiyya. Wasu dai sun cancanci suka, amma da yawansu wa'azi suke yi a cikin labari.

Finafinan Hausa sun janye wani sashe na masu karatu, tsadar takarda ta rage bugu, daga baya wayar hannu ta karɓi ragamar. Yau marubuciya takan saki labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, ta ba da farkonsa kyauta, sauran sai an tura kuɗi. Masu son sauraro suna bin karatun a rediyo da YouTube. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ta fito da sababbin marubuta mata. Mai karatu a Gwiwa ko Babura ya daina jiran motar Kano, sabon babi yana shiga wayarsa a daren da aka sake shi.