Baƙon Da Ya Kafa Gidan Kokawa A Landan

Jama'a, ga labarin wani baƙo irinmu. Cikin 1906 Gunji Koizumi, mutumin Japan, ya sauka Ingila. Cikin 1918 ya sami ɗan wuri nan Landan, ya buɗe makarantar kokawar ƙasarsu, ya sa mata suna Budokwai. Bai ce sai 'yan Japan ba, Turawa ma ya karɓe su. Cikin 1920 Jigoro Kano, wanda ya ƙago judo, ya ziyarce su, suka bi tafarkinsa. Har yau makarantar tana nan a Chelsea.

To, mu fa? Yaranmu da aka haifa nan ba su san dambe da kokawar kakanninsu ba. Ɗaki guda ya ishe mu farawa, muddin ƙofa tana buɗe ga kowa. Allah ya ba mu himma, amin.