Sabulun Halab da Nabulus: abin da aka rubuta da abin da aka ƙara

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar sabulun Halab na Siriya da na Nabulus na Falasɗinu cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Masu tallar sabulun zaitun sai suka samu abin faɗa. Wai Kiliyofatira ta Masar da shi take wanka, Sarauniya Zanubiya ma haka, kuma wai mayaƙan Salibiyya ne suka kai sirrinsa Turai.

Zancen sarauniyoyin nan ba shi da madogara, talla ce kawai. Na mayaƙan Salibiyya shi ya fi kama da gaskiya, shi ya sa ya fi yaɗuwa, amma ni bai gamsar da ni ba. Yaƙin farko na Salibiyya a 1096 aka fara shi. Tun wajen shekara ta 800 dokar da aka tsara wa gandayen Sarki Shalman na Turai ta ambaci masu yin sabulu cikin ma'aikatan da ake bukata. Ashe Turai ta san sabulu, ko da yawancinsa na kitsen dabba ne. Sabulu mai tauri na man zaitun kuwa, ya fi kama hankali a ce ta hanyar fatauci a Bahar Rum ya bi, da kuma Andalus, inda Musulmi suka daɗe suna dafa shi a Ishbiliya. Fatake sun fi sojoji jigilar sana'a.

Abin da tarihi ya adana game da Nabulus ma ya fi tatsuniya daɗi. Masanin ƙasa Addimashƙi, wanda ya rasu a 1327, ya rubuta cewa ana kai sabulun garin ƙasashe da tsibiran teku. A da, kayan haɗinsa man zaitun ne da ruwa da toka. Tokar ita ce ƙashin bayan sana'ar. A wancan zamani Larabawa makiyaya na gabashin Kogin Urdun ke tara wata ciyawa ta ƙasa mai gishiri, su ƙona ta, su ɗoro tokar a kan raƙuma zuwa gari ayari-ayari. Manomi ya kawo mai, makiyayi ya kawo toka, attajiri ya zuba jari. Duk wanda ya ga yadda iyayenmu mata ke tace ruwan toka su dafa sabulun salo ya riga ya san rabin aikin.

Kwanaki ake yi ana dafa haɗin a ƙatuwar tukunya, sannan a kwarara shi a daɓe. In ya daskare a ja layi da zare, a buga hatimi, a yanka, a jera shi sama-sama kamar hasumiya iska na ratsawa har watanni. Na Nabulus fari ne marar ƙamshi. Na Halab ana ƙara masa man itacen gar, in ya bushe bayansa kan yi ruwan ƙasa cikinsa kuma kore. A ƙarni na 19 manyan gidajen Nabulus irin su Tuƙan da Abdulhadi sun mallaki masana'antu, har mallakar gidan sabulu ta zama alamar isa a garin.

A cikin gida kuwa, dunƙule ɗaya ke yin komai: wanka, wanke kai, wankin tufafi da kwanuka. Matan Sham kan goge shi ya zama gari don wanke kayan jarirai, suna kuma ajiye na Halab cikin tufafi saboda asu. Masu ƙaiƙayi da amosanin kai sun daɗe suna komawa gare shi, kuma dalilin a fili yake, ba turare ba rini a cikinsa.

Faransa ta zo daga baya ta yi wa nata doka. A 1688, zamanin Sarki Luwi na 14, aka hana masu sabulun Marsai sa kitse, sai man zaitun zalla. A Nabulus da Halab kuwa, daga baya soda ta masana'anta ta kori toka, girgizar ƙasa ta 1927 da harin Isra'ila na 2002 suka rushe wasu gidajen sabulun Nabulus, yaƙin Siriya ya tarwatsa masu sana'ar Halab zuwa Turkiyya da wasu ƙasashe. Daga kusan 30, masana'antun Nabulus da suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Mai karatu, in ka sayi sabulun zaitun ka duba jerin kayan haɗinsa, domin da yawa man kwakwa ne aka rina kore. Na gaskiyar ma aikinsa tsabtace fata ne. Ƙurjin da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti.